Bola, fitilar titi da hanyar unguwa: wai aikin wane ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin wata sabuwar unguwa ne a gefen birnin Kano. Bola ta cinye mana rabin titi, fitilun sola da aka kafa mana ko shekara biyu ba su yi ba suka mutu, hanyarmu kuwa in damina ta zauna mai adaidaita sahu ba ya shigowa sai an ninka masa kuɗi. Mun je sakatariyar ƙaramar hukuma an ce mana aikin jiha ne, mun je wajen mutanen jiha sun ce mu koma wa ciyaman. Ga shi kuma muna jin an ce kotu ta ba ƙananan hukumomi 'yancinsu. To wai aikin nan na wane ne, kuma mu me za mu iya yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ƙofar da ya kamata ku ƙwanƙwasa, da kuma dalilin da ya sa ko an yi muku aiki ba ya ɗorewa. Ni dai aikin dubagari na yi, wato jami'in tsaftar muhalli, a wata ƙaramar hukuma, har na kai ga riƙe sashen kafin na ajiye aiki. Don haka a maganar shara zan yi tsawo, a maganar wuta da sufuri zan faɗi abin da idona ya gani, fassarar doka kuwa ta lauyoyi ce, iyakata in nuna maka inda aka rubuta.

Abin da ke rubuce

Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya jero ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kwashe shara da samar da makewayin jama'a, akwai gina hanyoyi da tituna da magudanan ruwa da fitilun titi da kula da su, akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabarta, har da sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Ka ga duk abubuwa ukun da ka kawo kuka a kansu suna cikin jerin. Wanda ya ce maka "aikin jiha ne" bai gaya maka duka gaskiya ba.

Sai dai bai yi maka ƙarya tsagwaronta ba. Tun gyaran da aka yi a 1976, lokacin da aka kammala rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, ana ta tsaga su har suka kai 774, jihar Kano kaɗai tana da 44. Birnin Kano kuwa ƙananan hukumomi takwas ne suka cuɗe da juna: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ledar da aka yar a Gwale ruwa zai kai ta rafin Jakara, ta bi ta Dala da Fagge, babu mai tambayarta takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wannan ya sa gwamnatin jiha ta kafa hukumomin da ke aiki a birnin baki ɗaya, REMASAB ta riƙe shara, KNUPDA ta riƙe tsarin gari, KAROTA ta riƙe zirga-zirgar ababen hawa. A aikace manyan tituna da manyan bololi suka koma hannun jiha, lunguna da sababbin unguwanni irin taku suka faɗa tsakani, kowa yana nuna ɗan'uwansa.

Sai maganar kuɗi. A rabon da ake yi daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta nan kuɗin suke bi. Kafin su iso sakatariya an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarauta, an cire na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa. Mu da ke ciki mun sha ganin watan da in an biya albashi abin da ya rage ko man janareton ofis ba zai kai ƙarshen wata ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na ƙasa Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Hukunci ne mai kyau. Amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, sannan har yanzu hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ciyamomi, kuma kowa ya ga yadda jam'iyyar da ke mulki a jiha kan lashe kujerun kakaf ko saura ƙiris. Ciyaman ya san wanda ya ɗora shi a kujera, da wuya ya ɗaga masa murya a kan asusu.

Duk da haka, Malam, ba na so ka tafi da tunanin cewa ranar da kuɗin suka faɗo kai tsaye bolarku za ta ɓace. Na yi aiki a shekarun da kuɗi suka ɗan wadata, bola ba ta ɓace ba.

Doki da harawa

Ciwon da na fi gani a aikinmu shi ne muna iya sayen doki, harawarsa ce ke gagarar mu. Kasafin kuɗi yana da gida biyu, na manyan ayyuka da na hidimar yau da kullum. Gidan farko kowa na sonsa, don akwai kwangila, akwai ranar buɗewa, akwai hoto da allo mai ɗauke da sunan mai girma. Gida na biyu kuwa man gas ne da baƙin mai da giris da taya da kuɗin bakanike da ladan masu lodi, abubuwan da ba a yi musu biki. Kwashe shara kuwa kusan dukkansa a gida na biyu yake. Ana iya gina aji a manta da shi shekara biyar yana tsaye, amma shara in ka bar ta mako biyu ta dawo kamar ba a taɓa kwashewa ba.

Bari in ba ka labarin wata mota. An taɓa kawo mana irin motar nan mai matse shara a cikinta, sabuwa fil, aka yi taro aka yi jawabi. Irin wannan mota an ƙera ta ne don sharar ƙasashen da yawancinta takarda ce da kwali da gwangwani, abu mai cika wuri marar nauyi. Tamu sharar fa? Leƙa kwandon gidanka ka gani: ƙasar da aka share daga tsakar gida, tokar murhu, kashin awaki da na kaji, ɓawon albasa, dusa, sai leda. Abu ne mai nauyi wanda babu abin matsewa a cikinsa, yashin da ke ciki kuma ya yi ta cin ƙarfen da robobin da ke riƙe man injin matsewar. Ba ta daɗe ba ta fara zubar da mai. Kayan gyaranta babu a kasuwar Ƙofar Ruwa, sai an aika nesa. Na rubuta takardar neman kuɗin gyara sau uku. Ƙarshenta a gindin darbejiyar sakatariya ta zauna, tayoyi suka sace, wata kazar maigadi ta yi ƙwai a ƙarƙashinta har ta ƙyanƙyashe. Kuma ko lokacin da take da lafiya, ba ta taɓa shiga lungu ko ɗaya ba, don ba za ta iya juyawa ba.

Abin da ya yi mana aiki ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. A wata unguwa muka zauna da mai unguwa da limamai da 'yan ƙungiyar matasa, aka ware wuri ɗaya a bakin babban titi inda mota za ta iya tsayawa. Samari masu baro da kura suna bi gida-gida da safe, kowane gida yana ba su ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai duk mako, su kai wurin tarawa. Mu kuma alkawarinmu ɗaya ne: tifa za ta zo ranar Talata da ranar Asabar. Hayar tifar muke yi, in ta wannan ta lalace mu kira wancan, gyara ba a wuyanmu yake ba. Muddin tifa tana zuwa a ranarta, mata suna biya ba gardama. Da aka samu canjin shugabanci kuɗin haya ya tsaya wata biyu, wurin tarawar ya zama sabuwar bola, mai gidan da ke kusa ya zo har ofis ya zage ni tas, kuma da gaskiyarsa. Daga nan na koyi cewa kada a buɗe wurin tara shara sai an san wanda zai kwashe da ranar da zai kwashe da aljihun da kuɗin zai fito.

Akwai wata hanyar rage kaya da iyayenmu suka sani muka yi sakaci da ita. Ƙauyukan da ke kewaye da Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kuma sirrin shi ne taki. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangala cike da sharar gari, a zube ta tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Har gobe manoma suna biyan direban tifa ya juye musu tsohuwar bola. Abin da ya ɓata cinikin shi ne leda, musamman ta ruwan sha da baƙar ledar cefane, sai ƙunzugun jarirai na zamani da fasassun kwalabe. Manomi ya ga gonarsa ta yi fari fat da leda, akuyarsa ta ci ta kumbura ta mutu, sai ya ja baya. Da gidajen unguwarku za su ware leda da roba a buhu guda, toka da ƙasa da kashin dabbobi a wani, da kun rage wa tifa nauyi mai yawa, don buhu na biyun akwai mai so. Ƙarfe da gwangwani da robar da ta fashe kuwa 'yan jari bola sun riga kowa. Na san ana kuka da wasunsu a kan ɗauke-ɗauke, kukan kuma ba na banza ba ne, amma korarsu baki ɗaya hasara ce. Gara mai unguwa ya san su, ya san ubangidansu da inda suke kai kaya.

Ƙona bola kuma ku daina, don Allah. Hayaƙin leda da roba guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi da masu asma, kuma tulin ba ya ƙarewa, sai dai ya yi kwana da kwanaki yana ci ta ƙasa.

Ka kawo bola daban, hanya daban, amma a unguwanni da yawa ciwo ɗaya ne. Shara ta sauka a lambatu ta toshe kwalbati, ruwan sama ya rasa mafita ya kwanta a kan hanya. Kwalta ko burji, babu abin da ke kashe hanya kamar ruwan da ya kwana a kanta, yana ratsawa ƙasa ya tausasa gindin, mota mai nauyi ta bi ta buɗe rami. Hanya ta lalace tifa ta daina shigowa, bola ta ƙara tudu, mai adaidaita ya ninka kuɗi. A sababbin unguwanni abin ya fi muni, don an yanka filaye an sayar ba a bar wa ruwa hanya ba, kududdufan da ke shanye shi kuma an cike su da shara an yi gini a kai. Shi ya sa in aka ce in zaɓa muku tsakanin a zuba muku marmara a kan hanya da a buɗe muku magudana, magudana zan zaɓa. Marmarar da aka zuba ba magudana, ruwan Agusta ɗaya ya ishe ta.

Fitilun da suka mutu

Ban ga fitilunku ba, amma a mafi yawan waɗanda na ga an buɗe, farantin lafiyarsa ƙalau, ƙwan ma haka, batir ne ya mutu. Zafin garinmu yana rage wa batir kwana, balle in ɗan kwangila ya sa ƙarami ko mai arha. Ga ƙurar hunturu da ke rufe farantin, batir ya yi ta kwana da rabin ciki har ya gaji. Ga kuma masu kwancewa da dare in an sa akwatin batirin ƙasa-ƙasa. Fitilar sola ba ta shan mai, shi ya sa ake ɗauka ba ta da harawa, alhali tana da ita: a goge faranti lokaci-lokaci, a canja batir in ya yi shekarunsa. Kafin ku nemi sababbi, ku samo mai gyaran sola ya hau turke biyu ko uku ya duba. Sau da yawa kuɗin tayar da tsohuwa bai kai na kafa sabuwa ba. Ku kuma binciki wanda ya kafa su, don da yawa aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa, an kafa an tafi ba a damƙa wa kowa ba, ƙaramar hukuma ma ba ta da su a littafinta.

Wutar gida ba ta hannun ciyaman. KEDCO ce ke raba ta a Kano da Katsina da Jigawa, dokar lantarki ta 2023 kuma jihohi ta buɗe wa ƙofar kafa kasuwar wutarsu. Inda ƙaramar hukuma za ta yi abin kirki da sola shi ne rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi. Burtsatse mai sola ba ta ma buƙatar batir, rana ta fito famfo ya tura ruwa tanki, dare ya yi a sha abin da aka tara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, burtsatsen da ke jiran janareto da yawa sun zama kwalliya. A asibiti kuwa firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa sun fi fitilar titi goma amfani, ko da yake ba a ganinsu daga mota.

A sufuri ba zan yi tsawo ba. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama ƙafar talaka, kuma rajistarsa da dokokinsa suna hannun jiha. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne tasha da kasuwa, inda ake yankar tikiti kullum. Tambayar da ya kamata ku riƙa yi ita ce, kuɗin tikitin nan nawa ne ke isa baitulmali, kuma me ya hana a ware wani abu daga ciki don kwashe sharar kasuwar da tashar da suka tara shi?

To ku me za ku yi?

Ku fara da daina zuwa ɗaiɗai. Mutum ɗaya in ya je sakatariya, masinja ma ya ishe shi. Ku kafa ƙungiyar unguwa, ku yi mata rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, mai unguwa ya zama uba, a sa mata a ciki da gaske, don shara daga hannunsu take fita, kuma su suka san gidan da ke aiko almajiri ya juye kwando a kwata da asuba. Kuɗin da za a tara kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, ko bayan sallar Juma'a ne. Ƙungiyoyin unguwa da na ga sun watse, zargin kuɗi ne ya watsa mafi yawansu, tun kafin gajiya ta zo.

Sannan ku nemi abu ɗaya, ƙarami, mai rana. Takardar da ta ce "muna roƙon a kawo mana ɗauki a kan shara da wuta da hanya da ruwa" fayil za a buɗe mata ta kwanta. Wadda ta ce "mun ware wuri kaza, mun ɗauki samari masu baro da kuɗinmu, muna neman tifa sau ɗaya a mako da katafila sau ɗaya ta kwashe tsohon tulin" tana da wuyar ƙi, don kun riga kun ɗauke rabin kayan. Ku miƙa ta hannun kansilanku zuwa ga ciyaman, kwafi ga shugaban sashen lafiya, kwafi ga hakimi ta hannun dagaci, kwafi ga hukumar kwashe shara ta jiha, kowane ofis ya buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Da wannan hatimin ake kashe wasan "je ka wajen wancan", don ranar da kuka koma kuna da shaidar cewa kowa ya gani. In an yi shiru, gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen koke-koken jama'a, kuma na ga yadda minti biyar a rediyo ke tayar da motar da aka ce ba ta da mai. Ku dai faɗi abin da ya faru kawai, ban da cin mutunci, don gobe da mutanen nan za ku sake zama.

Ku kuma san lokacin magana. Ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, wanda ya zo da buƙatarsa a watan Maris sai a ce masa ba ta cikin kasafi. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya kuma ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi a intanet, wani yaro mai waya a cikinku zai iya nemo na taku. In kun zauna da ciyaman kuna riƙe da wannan adadi, zancen yakan canja salo.

Yashe magudana kuwa kada ku jira kowa. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda muka gada tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, ta zama ranar barci da ƙwallon yara a titi, amma ku kuna iya mayar da ita aikin gayya na gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya, a watan Afrilu ko farkon Mayu ake wannan aiki, lambatu yana bushe, shebur da manjagara suna ci. Kuskuren da ake yi kullum shi ne a fito da dagwalon a jibge shi a bakin kwata a tafi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Saboda haka ku tsayar da ranar tifa tukuna, ko da karo-karo za ku yi ku ɗauki haya, sannan ku sa ranar gayya kwana biyu ko uku kafin ta, yadda abin da aka fito da shi zai tsane ya yi sauƙin lodi. Ku fara daga ƙasa inda ruwan ke fita, ku yo sama, in ba haka ba wanda ke gangare shi zai kwana cikin ruwan unguwa duka.